Ƙullin garin da Inna take zubawa a kunu

Inna ta karye a wuyan hannu wata Talata da asuba, a gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi. Ba daga bisa ta faɗo ba. Ta tashi daga alwala, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama, shi ke nan. Irin faɗuwar da jikokinta suke yi sau goma a wuni su miƙe suna dariya.

Maɗori ya ɗora, kuma ya iya aikinsa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. An kusa shekara fuskar Inna tana cika, ta yi zagaye kamar faifai, ƙafafu kuwa sai sirancewa suke. Mu duka cewa muke hutu ne ya karɓe ta. Har tsokanarta nake: "Inna, ko dai amarci za a koma?"

Da muka je asibiti aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, likita ya dubi hoton, ya ɗago ya dubi fuskarta. "Hajiya, wane magani kike sha kullum?" Ta ce ita ba ta shan na Nasara, sai na gargajiya. Ashe ƙullin gari ne a leda, jaka guda, wani mai yawo gida gida yake kawo mata, wai maganin sanyin ƙashi. Tun ranar da ta fara zuba shi a kunu gwiwarta ta lafa, har ta koma sallah a tsaye.

Likita ya ce shi zarginsa an daka deksametazon a ciki, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ƴan mata suke sha don su yi ƙiba. Tana kashe ciwo nan take, tana kumbura fuska, amma in an ɗauki watanni ana sha sai ta raunana ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashi, ta kuma rage kalsiyam ɗin da hanji yake tsotsa daga abinci, wato sinadarin da ke ba ƙashi ƙwari. Na ce to yau zan zubar da ƙullin. Ya ce kul, wanda ya daɗe a kan irin wannan ba a yanke masa rana ɗaya, jiki na iya rikicewa. Ya karɓi ledar, ya rubuta mata ƙwaya mai sanannen awo, aka riƙa ragewa sannu a hankali.

A nan na gane cuta biyu muke haɗawa mu kira su "sanyi". Akwai ciwon gaɓoɓi, mai sa tsohuwa nishi in za ta tashi. Akwai kuma zaizayewar ƙashi, ita kuwa ba ta sallama. Kamar gara ce a azara: daga waje lafiya lau, sai ranar da ɗaki ya rufta. Ƙashi yana ta ƙara ƙwari har wajen shekara 30, daga nan abin da ke fita ya fara rinjayar abin da ke shiga, kuma in mace ta daina al'ada sinadarin estirojin ya ragu, sai zaizayar ta ƙara sauri. Wuyan hannu, ƙugu da gadon baya su ne wuraren da aka fi karyewa. Inna shekarunta 68, kuma da na tuna, ta daɗe tana ƙorafin zannuwanta sun fara jan ƙasa. Ba zanin ne ya ƙara tsawo ba.

Ni ba na raina itatuwa. Da sabara da kalgo aka raine mu. Na zauna na yi karatu a waya dare da yawa. A Sin akwai tsiron epimediyam da ake ciro sinadarin ikarin daga cikinsa, akwai kuma aisofilabon na waken suya, duka ana binciken su saboda ƙashi. Sai dai yawancin gwajin ikarin a kan ɓeraye aka yi, kuma babu ɗaya daga cikin sinadaran nan biyu da ya kai matsayin maganin asibiti alandironat, da aka tabbatar a kan dubban mata yana rage karaya. Shi Inna take sha yanzu, sau ɗaya a mako, da sassafe kafin kari, da kofin ruwa cike, kuma ba ta kwanciya sai bayan minti 30.

Ganyen da na yarda da shi yana cikin tukunya. Macen da ta wuce 50 tana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,200 a rana, kofin madara kuwa wajen 300 yake bayarwa. Sauran sai a nema a kuka, riɗi, nono, zogalen Jiratawa, da ƙananan busassun kifi da ake tauna wa har ƙaya. Rana kuma Maraɗi ba ta rasa ta ba, amma Inna wuni take a ɗaki, don haka da hantsi nake shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida saboda bitamin D.

"Ke ƴar nan, yanzu miyar kukar da nake ci tun ina goye ita ce magani?" Haka take ce mini tana taɓe baki. Gwiwar ta dawo da ciwonta, jiya ma sai da ta tambaye ni ko mai ƙullin nan ya sake leƙowa. Na ce mata magini dai zai zo Asabar, ya sa siminti mai kaushi a wurin alwala.