Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da aka ce a goge shafin Malam

Makon jiya na tsaya a inda na dawo Garwa, a arewacin Kamaru, daga karatu babu aikin yi, na fara rubutu a Wikipedia ta Hausa da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Na rubuta a kan kogin Binuwai, da masarautar Rai Buba, da noman auduga. Sai wani dare zuciyata ta ce mini: to mutumin da ya koya maka tarihin fa?

Malam ya koyar da ni a jami'a. Shekarar da mahaifina ya rasu, shi ya biya mini kuɗin rajista, jaka 50 ta sefa cif, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen ba. Dare biyu na yi ina rubuta shafinsa. Yanzu na san kirari na yi masa, amma a lokacin gani nake bashi na biya.

Kwana uku tsakani sai ga sanarwa a saman shafin: an nemi a goge shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta zuba magana. Wata edita da ta girme ni a aikin ta bar ni na huce, sannan ta nuna mini ma'aunin da Wikipedia ta Turanci ta ajiye wa malaman jami'a. Shin masana suna yawan kafa hujja da bincikensa? Ya ci wata babbar lambar yabo ta ilimi? Ya shugabanci babbar jami'a, ko ya zama babban editan mujallar bincike da ake ji da ita? Ta ce ɗaya ma ya isa, muddin akwai majiya mai zaman kanta. Kuma ɗalibin da aka yi wa alheri ba majiya ba ne.

A Kamaru matakan malanta huɗu ne kafin a ƙure, Malam kuwa a na biyu ya tsufa. Na duba Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, maƙalarsa biyu kacal na gani. Har gobe ina ganin ma'aunin nan ya karkata, domin yawancin abin da malamanmu suka rubuta da Faransanci ne, a mujallun da ba su taɓa hawa intanet ba, balle abin da ke cikin ajami. Amma na kasa musa cewa in aka cire ma'aunin, kowa zai kawo kawunsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na hau moto zuwa gidansa. Na same shi a zaure yana shan shayi, na gaishe shi, na faɗa masa komai kaina a ƙasa.

"Allah gafarta Malam, sun ce wai ba a san ka ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai gaskiya suka faɗa. Eldridge Mohammadou ɗan garin nan ne, ya zaga masarautu ya ɗauki maganar tsofaffi, ya kuma buga, har a Tokyo an buga littattafansa. Da ya rasu a 2004 aikinsa bai bi shi kabari ba. Ni na tara, ban buga ba."

Ya sa jikansa ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. Kasetoci ne maƙil, kowanne da ƙyallen takarda an rubuta sunan gari da shekara. Muryoyin tsofaffin fatake Hausawa ne da suka yi cinikin goro da kanwa, waɗanda duk ƙasa ta rufe wa ido. Wasu kasetocin gara ta ci takardunsu, ɗaya zarensa ya warware ya naɗe a hannuna. Hawaye suka zubo mini.

Daren nan na koma shafin muhawarar, na rubuta da hannuna cewa na amince a goge. Washegari da sassafe jikan ya buga mana ƙofa, adakar ɗaure a bayan moto, ya ce Malam ya ce in nemo rediyo mai kaset. Yadda na yi kwana tara ina nemansa a babbar kasuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.