Daren da Batir Ya Ajiye Mu a Hanyar Zariya

Tun da asuba motar ta nuna mini alama, ban kula ba. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe Kaduna. Na murɗa makulli a ƙofar gidanmu da ke Unguwar Sanusi, kik ɗin ya ja da ƙyar, sai a karo na uku ta tashi. Na ce sanyi ne. Da na ɗaga bonet don duba ruwa da baƙin mai, na ga wani farin gari mai ɗan kore-kore ya taru a kawunan batir, na goge da tsumma na rufe. Ta'aziyya za mu je Zariya, Hajiyarmu ta riga ta yafa mayafi, ƙanena kuma yana ta duba agogo.

Zuwa dai lafiya lau. Kawo, Rigachikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, kuma tun da aka sabunta titin ba a jin nisanta. Kafin hantsi ya dubi ludayi muna Ƙofar Doka. Muka yi gaisuwa, aka yi wa mamaci addu'a, 'yan uwa suka riƙe mu da abinci da hirar yaushe gamo, ba mu samu kanmu ba sai da muka yi Magariba.

Muna barin Ɗan Magaji wata 'yar jar wuta mai siffar batir ta kama a gabana.

"Yaya, wannan wutar fa?" in ji ƙanena.

Na ce mu dai mu kai gida, gobe a duba. Ban san cewa wannan wutar tana nufin altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ta daina cika shi ba, wato daga nan motar ta koma cin ɗan guzurin da ya rage a cikinsa. Fitilu na ci, famfon mai na ci, filogi na ci, ga rediyo kunne. Muna wuce barikin Jaji hasken fitilun ya koma ja-ja kamar na aci-balbal. Rediyo ta yi shiru da kanta. Bayan Birnin Yero kaɗan, inji ya mutu muna cikin gudu.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Sitiyari ya yi tauri kamar an ɗaure shi, burki ya ƙi nutsewa sai da na danna da dukan ƙarfina. Allah Ya taimaka babu babbar mota a bayanmu a wannan lokacin, na lallaɓa muka gangara gefe. Na danna wutar gargaɗi, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. A nan gabana ya faɗi sosai: mota mai duhun fenti, a bakin titin da tireloli da tankokin mai ke sheƙa gudu, cikin hazo, ba ko ɗigon haske da zai nuna wa na baya cewa akwai mutane. Sannan duk ɗan Kaduna ya san irin labaran da hanyoyinmu suka sha a shekarun nan, babu mai son dare ya same shi tsaye a dokar daji. Hajiya ba ta ce mini komai ba, Hasbunallahu kawai take maimaitawa. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Muka fito da ita, muka zaunar da ita nesa da kwalta, don zama cikin motar da ta mutu a gefen babban titi shi ne mafi haɗari. Ƙanena ya kai alamar kusurwa uku can baya, ya karyo ganye ya jera. Motar otomatik ce, turi ba ya tashin ta. Wani ɗan acaɓa, Allah Ya saka masa da alheri, ya tsaya ya ɗauki ƙanena zuwa Mararrabar Jos neman rewaya.

Muna jira sai wata tirela ta tsaya gabanmu. Yaron motar ya zo da sigari a baki da wasu wayoyi a hannu, ya ce a buɗe bonet ya jona mini daga nasu. Har na kai hannu, sai direban, wani dattijo mai furfura, ya daka masa tsawa.

"Kai, kashe tabar nan! Alhaji, kar ka yarda. Namu batir biyu ne a haɗe, bolt 24 ke nan, taka kuwa 12 ce. Ya jona maka, ƙwaƙwalwar motar ta ƙone."

Na ce, "Baba, tabar fa?"

Ya ce batir yana fitar da wata iska da ba a gani, musamman in ana cajinsa, tartsatsi ɗaya ya ishe ta kamawa, batir ɗin ya tarwatse a fuskar mutum da ruwan asid. Ya ce in ruwan ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, sannan a nufi asibiti. Ya bar wutar gargaɗin tirelarsa tana ƙyaftawa, ya tsaya tare da mu har rewaya ya iso. Ko sunansa ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Rewayan ya zo da batir a cinyarsa da 'yar na'urar awo. Ya ce lafiyayyen batir a cike yana nuna bolt 12.6, in inji na aiki kuma ya kamata ya hau zuwa wajen 14. Nawa ko 11 bai kai ba. Na lura da yadda ya fara kwance kan da ke da alamar ragi, da ya zo ɗaurawa kuma shi ya bari ƙarshe. Ya ce in ka fara da jan kan batir, mai alamar tarawa, sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta tashi. Motar ta kama bugu ɗaya, amma awon bai motsa sama ba. Ƙanena ya ce a cire kan batir a gani ko za ta mutu, yadda ake yi a gareji. Rewayan ya girgiza kai, ya ce wannan gwajin tsofaffin motoci ne, a na zamani ɓarna yake jawowa. Ya ba mu hayar batir ɗinsa, ya ce kar mu kunna komai sai fitila, kar kuma mu tsaya ko'ina. Sai da na hango gadar Kawo numfashina ya dawo daidai.

Washegari na maida masa kayansa, na wuce kasuwar Panteka. Ɗan gawayin da ke isar da wuta a cikin altaneta ne ya cinye, batir ɗin kuma ya haura shekara uku, zafin bazara ya riga ya gama da shi, sanyin hunturu tona asirinsa kawai ya yi. Na sayi sabo da takardar garanti, na sa aka kankare kawunan aka shafa giris, aka ɗaure shi da ƙarfensa don kar gargada ta riƙa jijjiga shi. Tsohon kuwa a shagon na bar shi aka rage mini kuɗi. Ban yarda in kai shi gida ba, domin cikinsa dalma ce, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ni kuwa ina da masu rarrafe a tsakar gida.

Kafin in bar kasuwar na sayi wayar jona batir mai kauri da tocila, na ajiye lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a wayata. Da na koma gida Hajiya na kan sallaya. Ta ce ranar addu'ar bakwai da safe za mu tafi, kuma La'asar a Kaduna za ta same mu. Na ce to, Hajiya.