Abin da nazarin yaƙin basasa ya koya mini game da sulhu da komawar 'yan gudun hijira

A cikin karatun da na yi kan rikice-rikice da hanyoyin sasanta su, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar kwatanta Angola da Mozambik, ƙasashe biyu da Fotugal ta mulka, waɗanda suka sami 'yancin kai a 1975 kuma suka faɗa yaƙin basasa ba da jimawa ba. Dukansu sun rattaba hannu kan yarjejeniyar sulhu a farkon shekarun 1990, amma ɗaya ta koma fagen daga, ɗayar kuwa ta samu lafiya. A Angola an ƙulla yarjejeniyar Bicesse a 1991, aka yi hanzarin gudanar da zaɓe a watan Satumba na 1992 alhali mayaƙan ƙungiyar 'yan tawaye ta UNITA ba su ajiye makamansu ba, masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasar da ta fi Najeriya girman ƙasa. Da shugaban UNITA Jonas Savimbi ya ga sakamakon bai yi masa daɗi ba, sai ya koma daji da rundunarsa, yaƙin bai ƙare ba sai bayan an kashe shi a 2002.

A Mozambik kuwa, bayan yarjejeniyar Rum ta watan Oktoba na 1992 tsakanin gwamnatin Frelimo da 'yan tawayen Renamo, an tura sojojin kiyaye zaman lafiya fiye da 6,000, aka ɗage zaɓe har zuwa Oktoban 1994 domin a fara tattara mayaƙa a sansanoni a karɓi bindigoginsu, aka riƙa biyan waɗanda aka sallama wani ɗan alawus na tsawon shekara biyu, har ma aka buɗe asusu na musamman don taimaka wa Renamo ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Wannan na ƙarshen yana da ɗaci a baki, domin Renamo ta aikata munanan ta'asa a kan farar hula, kuma ba na jin mai imani zai karanta labarin ƙauyukan da aka ƙone ya yi murna da cewa an ba shugabanninta kuɗi. Amma na fahimci cewa wanda ke riƙe da bindiga ba zai sake ta ba muddin yana ganin ranar da ya miƙa ta ita ce ranar halakarsa, kuma duk sulhun da bai kawar masa da wannan tsoro ba, takarda ce kawai. Mutum kusan miliyan 1.7 ne suka koma Mozambik daga ƙasashen maƙwabta, galibinsu daga Malawi, kuma da yawansu da ƙafarsu suka tafi tun kafin a shirya musu motoci, saboda sun ji daga bakin 'yan'uwansu cewa harbin ya tsaya da gaske.

Akwai kuma batun masu hura wutar daga waje, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Yaƙin Mozambik ya lafa ne a lokacin da yaƙin cacar baka ya zo ƙarshe, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu kuma ta janye daga goyon bayan Renamo. Wanda ya dubi Siriya bayan 2011 ko Sudan tun daga Afrilun 2023 zai ga cewa zaman teburin sulhu ba ya haifar da komai matuƙar makamai da kuɗi suna ci gaba da kwarara daga ƙasashen waje.

Inda na fi daɗewa shi ne kan tambayar da ɗan gudun hijira yake yi kafin ya ɗaure kayansa, wato wane ne yake zaune a gidansa yanzu, kuma wane ne yake noma gonarsa. Masu sasantawa sukan shagala da rabon muƙamai da jadawalin zaɓe, su bar wannan tambaya zuwa gaba, alhali ita ce takan sake tayar da fitina. Da yawa daga mutanen Burundi da suka tsere a 1972 sun koma ne bayan yarjejeniyar Arusha ta shekarar 2000, suka tarar da wasu iyalai sun yi shekara talatin a filayensu, sun haifi 'ya'ya a can, sun binne iyayensu a can, wasunsu ma hukuma ce ta ba su wurin. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai dai wanda aka kora da bakin bindiga ba da son ransa ya tafi ba, shi ma wanda ya tarar a ciki ba lallai ne ya zama ɓarawo ba. Sai da aka kafa hukumar filaye ta musamman a 2006, wadda a lokuta da dama ta raba gona biyu tsakanin masu jayayya. A Bosniya an saka haƙƙin komawa da karɓar kadara a cikin yarjejeniyar Dayton ta 1995 kanta, aka warware ƙorafe-ƙorafe kusan 200,000, duk da cewa mutane da yawa sun karɓi gidajen ne suka sayar, domin babu aikin yi a garin, maƙwabtan da suka sani kuma sun watse. A ganina wannan ma nasara ce, tunda wanda ya sayar da gidansa da kansa yana da jarin fara sabuwar rayuwa a inda ya zaɓa.

Darasin sansanonin 'yan gudun hijira na 1994 a Goma, wani gari a gabashin Zayar (Kongo ta yanzu), yana da nauyi ƙwarai. Bayan kisan ƙare dangi a Ruwanda, waɗanda suka shirya kisan sun cuɗanya da talakawan da suka tsallaka Zayar, suka ƙwace ikon sansanonin da rabon abinci, suka riƙa kai hare-hare daga can, har abin ya kai ga yaƙin da ya ɓarke a Zayar a 1996. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta riga ta ce a tsugunar da masu neman mafaka nesa da iyakar ƙasarsu, kuma da an raba masu makamai da farar hula tun a mashigi, da an rage jini mai yawa.

Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR) tana magana a kan mafita uku, wato komawa gida bisa son rai, da zama a ƙasar da aka samu mafaka, da sake tsugunarwa a wata ƙasa ta uku. Ta ukun ba ta kaiwa ko kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijira a shekara, ta farkon kuma takan ɗauki shekaru masu yawa, kamar yadda sansanin Dadaab na Kenya ya nuna, wanda aka buɗe a 1991 a matsayin na wucin gadi, ga shi har an haifi jikoki a cikinsa. Don haka ta biyun ce ta cancanci a ba ta muhimmanci fiye da yadda ake yi. Yuganda tana ba baƙinta filin noma da izinin aiki da 'yancin zirga-zirga a ƙarƙashin dokarta ta 2006, Tanzaniya kuma ta ba 'yan asalin Burundi kimanin 162,000 takardar zama ɗan ƙasa a 2014. Irin wannan karamci ba zai ɗore ba sai ƙasashe masu hali sun saka kuɗi a makarantu da asibitoci da ruwan sha na yankunan da suka karɓi baƙin, ta yadda ɗan gari zai amfana tare da baƙo, domin mafi yawan masu gudun hijira a duniya maƙwabtansu ne ke ɗauke da su, kuma yawancin maƙwabtan nan da ƙyar suke ciyar da nasu mutanen.