Kafin in sayar maka da sensa, sai na leƙa cikin tankinka

Sana'armu ita ce haɗa sensa a masana'antu, wato ƙananan na'urorin nan da ke sanar da inji cewa kwalba ta iso ko tanki ya kusa cika. Ba mu da yawa a kamfanin, amma ba ma miƙa wa mutum na'ura a kwali sai mun ga abin da za ta auna da idonmu.

Wurin maigidana na ɗauko wannan ɗabi'a, Allah Ya saka masa da alheri. Ina sabon shiga ya tafi da ni wata masana'antar sabulun ruwa, inda sensar sauti da ke bisa tanki take ta ɓatar da lissafi. Har na ciro mitar gwada lantarki zan bi waya, ya ce, "Ajiye wannan, yaro. Hau ka buɗe murfin, ka faɗa mini abin da ka gani." Kumfa na gani, ta lulluɓe ruwan gaba ɗaya. A nan ya zaunar da ni ya warware mini: ita wannan sensa sauti take harbawa, ta ƙirga lokacin da amsa-kuwwa za ta dawo, kumfa kuwa shanye sautin take yi. Ko babu kumfa ma, sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya ne idan zafin iska digiri 20 ne, kuma kowane ƙarin digiri na ƙara masa kusan mita 0.6, don haka tanki mai zafi da tururi ba wurinta ba ne. Muka ɗaura mai auna matsin ruwa a gindin tankin, tunda ruwa mai zurfin mita 10 matsinsa kusan bar 1 ne a ma'aunin matsi, sai dai a gyara lissafi da nauyin sabulun. Magana ta ƙare.

Yau idan aka kira ni rumbun siminti mai ƙura, rada nake kaiwa, wato sensar da ke harba igiyar rediyo maimakon sauti, mai gigahaz 80, don bugunta siriri ne, yana ratsawa ba tare da ya ci karo da ƙarafan ciki ba. A kan bel mai jan kaya kuwa, sensa mai gano ƙarfe ita ce jakin aiki. Tun 1958 kamfanin Pepperl+Fuchs ya ƙera ta a Jamus. Amma tazarar da ake rubutawa a jikinta ta baƙin ƙarfe ce. Ka kawo mata alminiyom, ko rabin tazarar nan ba za ta gani ba. Mutane da yawa sun jefar da lafiyayyar sensa saboda rashin sanin wannan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Mai masana'anta zai yi ta ja da ni kan farashi, ya ce ya ga irinta da araha, har da tambarin IP67 a jiki. Wannan lamba tana nufin na'urar za ta jure nutso a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Na fasa irin waɗannan da hannuna, ciki fayau, ba a zuba musu danƙon da ke kare allon lantarki ba. Wanki biyu ruwa ya shige su. Wani da ya ƙi jin shawarata, tasa ta maƙale tana nuna rabin tanki, famfo ya ci gaba da turowa har sinadari ya malale a ƙasa, aiki ya tsaya kwana biyu. Daga baya mu ɗin dai ya nema.

Shi ya sa ba na barin wurin aiki sai na gwada a gaban mai kaya. Mu zubar da tankin, mita ta nuna miliamp 4, wato ƙarfin lantarkin da sensar ke aikowa. Mu cika shi, ta nuna 20. Sannan in zare waya ɗaya da gangan, ya ga lantarkin ya faɗi ƙasa da 4, ƙararrawa ta tashi, famfo ya tsaya da kansa.