Zoɓon Daura, sunan wani a jikin buhu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina harkar zoɓo da riɗi a Daura. Ranar Lahadi ina kasuwar Mai'aduwa, sauran kwanaki ina sito tare da mata takwas masu tsinta da samari huɗu masu awo da ɗinkin buhu. Zoɓon da ya bi ta hannuna ya sha zuwa Meziko, amma da sunan wani dila na kasuwar Dawanau ta Kano, kuma abin yana ci mini rai.

Wasu na zaton takarda ce cikas wajen fitar da kaya waje. Rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, tana cikin durowata, ba ta taɓa cika mini kwantena ba.

Daga gona ake faɗuwa. Manomi ya ɓare zoɓo ya shanya a ƙasa, yashi ya shiga, awaki su bi ta kai. Wani kuma ya dura shi a buhu da sauran danshi don ya yi nauyi. Shekaran bara na buɗe buhu arba'in na tarar tsakiyarsu ta yi baƙi tana warin ruma, a rabin kuɗi na rabu da su. Mai saye na waje ba ya jin "a yi haƙuri". Ƙwaro ne ya sa Meziko ta taɓa rufe wa zoɓon Najeriya ƙofa tsawon shekaru, shi ya sa sai an turara magani, hukumar duba lafiyar amfanin gona ta NAQS ta ba da shaida, kafin kaya su tashi.

Sai jari. Manomi kuɗi hannu yake so. Tirela ta ci fiye da kilomita 1,000 zuwa Legas, kaya su zauna jiran jirgi, kuɗinka na kwance wata da watanni. Ruwan banki kuwa ya fi ribar.

Iyakarmu da Nijar ma da nata. Da aka rufe ta a Agustan 2019, aka sake rufewa a 2023, kayan da ke shigo mana ta Kwangwalam suka tsaya cak. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura, ina sa musu rai ƙwarai.

Bana dai na raba wa manoma talatin tamfol, da sharaɗin a kansa za su shanya, ni kuma in ƙara musu kuɗi a kowane buhu. Wani dattijo ya juya nasa ya ce, "Alhaji, in ƙarin na nan, ko ƙura ba za ka gani ba." Ni da wasu 'yan kasuwa biyu kuma mun haɗa jari, kwantena ɗaya muke nema bayan kaka.