Laifin na walda ne, sensa aka yi ta saya

Yayana yana jigilar fasinja da Corolla tsakanin Garwa da Figil a arewacin Kamaru. Robar da ke riƙe masa salansa ta tsinke, bututu ya yi ta jijjiga har mazaunin sensar iska ta gaba ya tsage. Sensar nan ita ke auna iskar da ke cikin hayaƙi, ta faɗa wa kwamfutar mota. Ya tsaya wajen wani mai walda a bakin hanya, aka yi masa aikin gaggawa, ya koma lodi. Tun daga ranar motar ta kama shan mai ba ƙaƙƙautawa. Ya zargi zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya, ya koma sha a gidan mai, shiru. Aka ce masa sensa ce, ya sayi sabuwa, ita ma shiru. Sai a lokacin ya tuna yana da ƙane makanike.

Da na jona na'urar gano matsalar mota, lambar P0171 ta fito, wato inji yana kukan iska ta fi mai yawa. Amma da na kwance buji, wato fulogi, baƙi ƙirin suke da hayaƙi, alamar mai ne ya yi yawa. Sensa mai lafiya irin wannan tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, tasa ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi. Na ce, "Yaya, wa ya taɓa salansar nan?" Ya ce, "Ai an gyara, ba ta ƙara." To, rashin ƙarar nan shi ya cuce shi.

Na bari bututu ya huce, na sa yaro ya tayar da mota ya toshe bakin salansa da tsumma, na shafa ruwan sabulu kewaye da waldar. Sai ga kumfa tana tashi daga wani huji da ido ba ya gani, dab da gindin sensa. Wallahi na daɗe a ƙarƙashin motar ina kallonsa. Mutane suna ɗauka huji a salansa hayaƙi kawai yake fitarwa. Hayaƙi bugu-bugu yake fitowa daga inji, kuma tsakanin bugu da bugu bututun yana zuƙo iskar waje ta duk ƙofar da ya samu. Sensa ta ji iska, ta kai rahoton mai ya yi kaɗan, kwamfutar mota ta ƙara buɗe wa mai hanya. Sensa gaskiyar abin da ta ji take faɗa, ko goma ka saya haka za su faɗa. Ga shi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa ma ta daina araha, ka lissafa abin da hujin nan ya ci na bawan Allah. Da ya ci gaba a haka, kataliza, mai tace hayaƙi a salansa, ma sai ta ƙone.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Mai waldar ya yanke guntun bututun ya mayar da shi a juye, sensa tana kallon sama daga ƙasan bututu. Fetur idan ya ƙone ruwa yake haifarwa, kusan lita ɗaya a kowace lita. Da sanyin asuba ruwan nan yana taruwa a ƙasan salansa, ita kuwa sensa tana da hita, ba ta fara aiki sai zafinta ya haura digiri 300. In ɗigon ruwa ya sauka a kan tangaran mai zafi da ke bakin sensa, sai ya tsage. Shi ya sa masu ƙera ta suka ce a ɗaga ta aƙalla digiri 10 sama da kwance, bakinta na kallon ƙasa. Tsohuwar sensar tana nan a but, kuma ga narkakkiyar waya da tabon wuta a jikinta, alamar da ita a ɗaure aka yi waldar.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na cire kan batir, na kwance sensa da sifana 22, na toshe tsohon wurin, na huda sabo a gefen sama. Mazaunin M18 ne mai zare 1.5. Kafin na kunna wuta na ɗaura tsohuwar sensar nan da ta mutu a ciki, don zafi kada ya murɗe zaren, ƙwarƙwashin walda kuma kada ya faɗa ciki. Na ɗiga a kusurwa huɗu, sannan na zagaya a hankali ina bari yana hucewa, domin bututun siriri ne, lantarki ya yi yawa sai ya huje. Man hana tsatsa a zare kaɗai, ko kaɗan kada ya taɓa bakin sensa. Da hannu ake fara ɗaurawa. In ta yi gardama a zagayen farko, a kwance a sake.

Yaya yana tsaye a kaina: "Kai, ka gama mana, lodi na jirana." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sai na sake sa sabulu." Na zagaye waldar kaf, na bi har gasket ɗin da ke sama da ita, babu kumfa ko ɗaya. Na goge lambar, muka zaga har gadar Binuwai muka dawo, bolt yana hawa da sauka yadda ya kamata.

Yanzu duk motar da ta shigo mini da P0171 da sabuwar walda a salansa, ba na barin mai ita ya tafi kasuwa sayen komai sai na shiga ƙarƙashi da kofin sabulu. Shi kuwa Yaya har yau kuɗin sensar nan yana masa ciwo, don mai shago ya ce kayan wuta in an ɗaura ba a mayarwa.