CPT ko PE: Abin da Na Gani Wajen Tsofaffin Sojojin da Aka Ci wa Zarafi

A asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, duk wanda ya zo neman magani ana tambayarsa ko an taɓa yi masa fyaɗe ko wani cin zarafi na lalata lokacin yana aikin soja. Alƙaluman hukumar kula da tsofaffin sojojin sun nuna kusan mace ɗaya cikin uku ke cewa eh, maza kuma ɗaya cikin 50. Wasunsu kan iso ofishina da ciwon firgicin nan da ake kira PTSD: mugun mafarki, razana, gudun jama'a. Na daɗe ina bi da su ta hanyoyi biyu na magani ta tattaunawa, CPT da PE, ina auna su da wata takardar gwajin alamun PTSD mai tambayoyi 20, don in ga wacce ta fi.

Ta farko CPT ce, wadda Patricia Resick ta tsara tun asali domin matan da aka yi wa fyaɗe, zama 12 galibi. Aikinta shi ne kwance tunanin da ya ƙulle mutum. Wata baiwar Allah takan zauna tana fuskantar ƙofa, kullum maganarta ɗaya: "Da ban bi shi ofis ba." Muka rubuta maganar a takarda, muka riƙa yi mata tambayoyi. Wa ya kira ta? Shugabanta a aiki, wanda ƙin umarninsa laifi ne. To ina zaɓin? A nan ciwon soja ya bambanta. Wanda ya yi ɓarnar abokin aiki ne ko na gaba, gobe ma da shi za a yi fareti, kai ƙara kuma na iya jawo wa mutum tsangwama. Shi ya sa zargin kai da rashin yarda da kowa ke yin katutu, CPT kuwa kai tsaye take taɓa su.

Ta biyu PE ce ta Edna Foa. Mutum ya rufe ido ya ba da labarin abin da ya faru da bakinsa, a naɗi muryarsa, ya je gida ya saurara, sannan a hankali ya koma shiga wuraren da yake gudu. Da zafi, babu shakka. Amma wanda tsoro da gudu suka fi damunsa, na ga ta yi masa aiki da sauri.

A kan maki, ban ga wata tazara ta a zo a gani ba. Babban binciken da Paula Schnurr ta jagoranta kan tsofaffin sojoji 916, wanda aka wallafa a 2022, ma haka ya nuna: PE ta ɗan yi gaba kaɗan, amma kusan rabin mutanen ba su kai ƙarshen maganin ba. Wannan ya fi damuna fiye da batun wacce ta fi.

Yanzu nakan bayyana wa mutum hanyoyin biyu dalla-dalla, har da wahalar kowacce, in bar shi ya zaɓa. Wanda aka taɓa ƙwace wa iko da jikinsa, bai kamata likita ma ya yanke masa hukunci ba. Maza kuwa sai an yi haƙuri da su. Da yawa sukan fara da ƙorafin rashin barci ko shaye-shaye, sai an yi nisa ainihin maganar ke fitowa.